Teku na cin filinka: zuba yashi, katanga ko jera duwatsu?

Masu fili ko ɗan wurin shaƙatawa a bakin teku, musamman 'yan uwanmu na Legas wajen Lekki da Ajah, in ruwa ya fara cin gaɓa, abu uku ɗan kwangila zai kawo maka: a zuba yashi, a gina katangar dutse, ko a jera duwatsu layi-layi su miƙe cikin ruwa.

Zuba yashi shi ne mai daɗin gani, bakin ruwa ya faɗaɗa, baƙi su zo su ɗau hoto. Amma fa ka sani haya kake biya, ba saye ka yi ba. A gaɓarmu igiyar ruwa tana jan yashi ne daga yamma zuwa gabas, dare da rana. Dubi bakin tekun Bar Beach na Legas, tun da Turawa suka gina katangun mashigar tashar jiragen ruwan Legas tsakanin 1908 da 1912 yashin da ke zuwa ya tsaya a ɓangaren yamma, gwamnati ta yi shekaru tana zubawa ruwa na kwashewa har dai aka haƙura aka yi babbar katangar sabon birnin Eko Atlantic. Holan kam a 2011 sun zuba yashi kubik mita miliyan 21.5 a wuri guda kusa da birnin Hague don ya kai shekara 20, to wannan aljihun gwamnati ne malam, ba na mai tifa hamsin ba. Ƙaramin wuri ta gefe biyu yake zubar da yashinsa, shi ya sa bai daɗewa, sai dai in lungu ne tsakanin duwatsu biyu, nan kam yashi na zama sosai.

Kuma ka damƙi yashin da hannunka kafin ka biya. In ya fi na wurin laushi ko akwai laka a ciki, damina ɗaya ta ishe shi. Ka tambayi inda za a haƙo, don in kusa da gaɓa ne ramin zai ƙara wa igiya ƙarfi, ka sayi matsala da kuɗinka.

Katanga tana kare gini, ba musu, sai dai ruwa na ƙwaƙule gindinta, yashin gabanta ya tafi.

Jerin duwatsu na riƙe yashi ta yamma ya bar maƙwabcin gabas da yunwa. Haka aka gani a Keta ta Ghana, an gama aikin a 2004, ɓarnar ta matsa gabas wajen garin Blekusu. Ka shirya rigima kenan in kai kaɗai ka yi.

Ni dai da za a tambaye ni, a haɗa kuɗi da maƙwabta a yi gajerun layukan dutse sannan a cika tsakaninsu da yashi mai kauri, a nemi izinin hukuma tukuna, kuma a rubuta a takardar kwangila wa zai sake aunawa bayan damina da nawa ne kuɗin ƙarin yashi.