Bel ɗin auna bugun zuciya a zari-rugar keken guragu, ya yi amma a kula da manhajar

Wannan bel ɗin da ake ɗaurawa a ƙirji yana tura bugun zuciya zuwa waya, mun jima muna amfani da shi wajen tirenin kuma gaskiya in dai aunawa ce ba shi da laifi. Keke ya maki keke har taya ta ɗaga sama amma bai katse ba, agogon hannu kam ba ya jure wannan, ga safar roba ga tef da 'yan wasa ke naɗe hannu da shi, ina ma zai zauna. Batir ɗinsa na daɗewa. Sai dai masu rauni a lakar wuya da yawa ba sa gumi, to dole a ɗan jiƙa bel ɗin kafin a ɗaura in ba haka ba shirme zai yi ta nunawa, kuma maɓallin ƙarami ne, ɗan wasa mai maki 0.5 (ana ba kowa maki ne gwargwadon yadda jikinsa ke aiki, 0.5 shi ne mafi ƙasa, 3.5 mafi sama) da yatsunsa ba sa kamawa sai an ɗaura masa.

Inda nake da magana shi ne manhajar. Lissafinta 220 a cire shekarun mutum, wato mai shekara 30 ƙololuwar bugun zuciyarsa 190 kenan a minti. To wanda lakarsa ta yanke a wuya da ƙyar zuciyarsa ke wuce 120 zuwa 130 ko da ransa zai fita, saboda jijiyoyin da ke sa zuciya ta ƙara gudu suna fitowa ne daga ƙasan inda raunin yake, saƙon ba ya isa. Mutum ya gama kashi na huɗu, wato na ƙarshen wasa, hannu na rawa, manhaja na rubuta masa wai motsa jiki mara nauyi ya yi, haba. Abokinsa mai maki 3.5 wanda yanke gaɓa ce lalurarsa kuwa yana can sama da 180 a fili ɗaya. Kocin da bai san wannan ba sai ya ɗauka na farkon raggo ne.

Shi wasan kuma ba gudu ɗaya ba ne, minti 8 sau huɗu, mutum huɗu-huɗu, sakan 12 ka tsallake rabin fili, sakan 40 ka ci, ƙwallo ba ta wuce sakan 10 a cinyarka ba ka buga ta ƙasa ko ka miƙa ba. Ku duba wasan ƙarshe na gasar nakasassu ta Paralympics a Paris 2024, Japan 48 Amurka 41, ci 89 cikin minti 32. Fizga ce da birki da juyi, shi kuma bugun zuciya yana biyo baya ne, kafin ya hau an riga an ci. Masu ƙaramin maki ma rabin aikinsu tokare keken wani ne suna turawa ba tare da sun motsa ba.

Abin da ya amfane mu da shi, ya nuna ƙarara cewa tirenin ɗinmu bai kai zafin gasa ba, surutun koci na cinye lokaci, shi ya sa muka koma uku da uku muka rage sakan 40 ɗin. Duk wanda zai saya ya tabbata manhajar na bari a saka ƙololuwar kowa da hannu, a kuma riƙa tambayar ɗan wasa gajiyarsa daga 6 zuwa 20 a ma'aunin Borg. Zafin jiki kuma ba ya aunawa sam, wanda ba ya gumi sai kai ka sa masa ido da ruwan fesawa a kusa.