Man zaitun a Saudiyya: wanne ya cancanci riyal ɗinki?

A kantar kowane babban shago na Makka ko Jidda za ki tarar da man zaitun aƙalla iri huɗu, duk da hoton koren ganye a jiki, farashi kuwa ya sha bamban. Tun da magana ta bazu cewa yana kare mace daga sankarar mama, 'yan uwa da yawa wanda hannu ya fara kaiwa suke ɗauka. To binciken da ake kafa hujja da shi ba a kan kowane mai aka yi shi ba.

A 2005 Javier Menendez, ɗan Sifaniya da ke aiki a Amurka, ya zuba sinadarin oleic, kitsen da ya fi yawa a man zaitun, a kan ƙwayoyin sankarar mama. Sai aikin wata ƙwayar gado mai suna HER2 ya ragu da kusan rabi. Ita ce ke sa ƙari saurin girma a jikin kusan mace ɗaya cikin biyar masu cutar. A 2008 shi da abokan aikinsa suka ga irin haka da sinadaran folifinol, masu ba ɗanyen mai ɗaci. Amma duk a ɗakin gwaji ne, ba a jikin mace ba.

Binciken da aka yi a kan mutane shi ne PREDIMED na Sifaniya. An bi mata 4,152 masu shekara 60 zuwa 80 har kusan shekara biyar. Waɗanda ake ba gidansu lita guda ta mai kowane mako, suna ci da ganye, wake da kifi, haɗarin kamuwarsu ya yi ƙasa da kashi 68 cikin ɗari idan aka gwada da waɗanda aka ce su rage maiƙo. Sakamakon ya fito a 2015. Sai dai mata 35 kacal suka kamu a duk binciken, adadin ya yi kaɗan a yanke hukunci, a 2018 kuma sai da aka janye babban rahoton aka gyara shi. Abin riƙewa dai, man da aka ba su matsar farko ne, wanda a kwalbarsa ake rubuta “bikr mumtaz”.

Ni dai na Jauf, wani yanki na Saudiyya, nake saye, ba na ɓoyewa. Can arewa wajen Sakaka sanyin hunturu ya karɓi itacen, gonakin sun yi girman da ɗaya daga cikinsu ta shiga kundin Guinness a 2018, kuma duk shekara ana bikin zaitun a garin. Ba kishin ƙasar da muke zaune ke ja na ba, gajeruwar hanya ce. Ana fara tsinka wajen Oktoba, kafin sanyi ya wuce sabon mai ya iso Hijaz, wato yankin Makka da Jidda, bai kwana a jirgin ruwa ba, bai gasu a tasha ba. Folifinol ɗin da ake biyan kuɗi dominsa raguwa yake da zafi, da haske, da daɗewa. Ki duba ranar da aka yi shi, ba ranar lalacewa kaɗai ba. Tsaminsa da aka rubuta a jikin kwalbar kada ya haura kashi 0.8 cikin ɗari, ya kasance matsar sanyi, cikin baƙar kwalba ko gwangwani. Idan kin kurɓa kika ji ɗaci, ya ƙarce ki a maƙogwaro har kika yi tari, kada ki mayar. Sinadarin oleocanthal ke nan, wanda Gary Beauchamp na cibiyar Monell a Filadalfiya ya bayyana a 2005 cewa yana rage kumburi irin yadda ibuprofen ke yi.

Na Sifaniya da Italiya akwai nagari, sai dai “an ɗura a Italiya” ba ya nufin can aka noma. Mai rubutun “naƙi” ko “khafif” tacewar masana'anta ce da ɗan ɗanyen mai a kai, folifinol ya tafi. Na tuƙar zaitun, “zait tifl”, da sinadari ake tsotso shi, ki bar wa masu sabulu.

Inda ake cin amana shi ne garwar nan da ake kira tanaka. Ana tallarta a WhatsApp da bayan mota, a ce daga Falasɗinu take ko Sham, daga gonar dangin mai sayarwa. Ba suna, ba kwanan wata, sai rantsuwa. Haka wani ya kawo mana har gida, yana “Hajiya, wallahi matsar bana ce”, ya ɗanɗana mana daga wata 'yar kwalba mai ƙamshin ɗanyar ciyawa. Da aka fasa garwar, salam, ba ɗaci ba ƙamshi, lambarsa kuma ta daina shiga. Shi ya sa yau ba na yarda da ɗanɗanon da ba daga mazubin da zan ɗauka aka zuba ba.

Dabarunsu ba sa ƙarewa. Wani ya haɗa da man masara ko na sunflawa ya zuba launi kore, wani ya cakuɗa na bara da na bana, wani ya sayi kwalaben da aka zubar ya sake cikawa. Gwajin firji da ake yaɗawa, wai na gaske daskarewa yake, ba ya raba gardama, gauraye ma na iya yin kauri. Launi ma haka: masu ɗanɗano na ƙwararru cikin shuɗin kofi suke zuba shi don kada ido ya ruɗe su. Kada ki ce manyan kantuna sun tsira. A 2010 jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta gwada kwalaben da aka shigo da su jihar, kashi 69 cikin ɗari ba su kai matsayin da suka rubuta ba. Ga kuma araha. Mai matsar farko da kuɗinsa ya yi kusa da na man suya, akwai lauje cikin naɗi.

Mafi muni su ne masu haɗa shi da habbatus sauda da zuma su rubuta “maganin daji”, suna fakewa da albarkar itacen. Albarkarsa gaskiya ce, amma babu man da ke narkar da ƙari, babu kuma wanda ke gyara lahanin ƙwayoyin gado na BRCA1 ko BRCA2, mai ƙara haɗarin cutar, ga wadda ta gado shi. Wadda ta kai 40, ko aka yi cutar a gidansu, hoton mama a asibiti ne nata, mai ciwo kuma kada ta ajiye maganin likita.

Ki sayi rabin lita ko lita, gwargwadon abin da gida zai cinye cikin wata biyu, ki ajiye nesa da murhu, ki sa shi a madadin samna, ba ƙari a kanta ba: a ful ɗin safe, a salatin, a kwaɗon zogale. Idan kika kama jabu, ki adana rasit da kwalbar, ki kira ma'aikatar kasuwanci a lambar waya 1900.