Sati biyu ina fama da SWI-Prolog, ga yadda muka kwashe

Yanzu in aka ce AI kowa ChatGPT yake tunawa, alhali akwai wani tsohon salo da ba ruwansa da kintace, kai ne za ka zuba masa bayanai da ƙa'idoji shi kuma ya ciro maka hukunci. Prolog kenan, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, tun 1972 Alain Colmerauer da Philippe Roussel suka ƙirƙiro shi a Marseille can Faransa, wannan nau'in nasa da na gwada kuma, wato SWI-Prolog, Jan Wielemaker ne ya fara shi a Amsterdam a 1987. Kyauta ne ko sisi ba ka biya, kuma ba shi da nauyi, tsohuwar laftof ɗina da take nishi in na buɗe Chrome ma ta ɗauke shi lafiya lau. In ba ka son sauke shi akwai SWISH, wato shafinsa na intanet, a burauza kawai za ka yi abinka.

Ni da dangin gidanmu na gwada shi, don mu wajenmu kawu daban baffa daban, na ce bari in ga ko zai iya rabewa. Na rubuta wane uban wane, wance uwar wane, sannan na kafa masa ƙa'ida cewa baffa shi ne namijin da ya haɗa uba da mahaifinka. Ina tambayarsa su waye baffannina yana jero su ɗaya bayan ɗaya, kwatsam sai ga sunan Baba a ciki, wai mahaifina baffana ne! Na yi dariya har da hawaye, amma fa laifina ne, ban gaya masa mutum ba ya zama ɗan'uwan kansa ba. Na kunna trace ya nuna min mataki mataki inda ya bi, nan na ga ɓarakar, layi ɗaya na ƙara ya gyaru. Wannan ne ya fi burge ni wallahi, ba ya ba ka amsa ya ce ka yarda kawai.

Sai dai ka sani duk abin da ba ka faɗa masa ba false zai ce, na tambaye shi ko Goggo tana da ɗa ya ce babu, ita da take da takwas. Sunan mutum kuma da ƙaramin harafi ake farawa, kuma ka manta ɗigo a ƙarshen layi ka ga jan rubutu na kuskure.

Ɗalibin kwamfuta ya sauke shi yau yau. Ni yanzu ƙa'idar abokan wasa nake so in rubuta, na ga taubasanmu sun fi ƙarfin lissafina.