Mai sayar da furen da ke tambayar ko akwai mage a gida

Masu sayar da furanni sun cika bakin titi a Kaduna, amma wajen mutum ɗaya nake zuwa yanzu, wani dattijo mai rumfa a gefen kogi. Shukokinsa lafiyayyu ne, tukwanensa na ƙasa, kuma ba ya tsuga kuɗi. Abin da ya fi ɗaure ni da shi, kafin ya miƙo tukunya sai ya tambaya: "Hajiya, akwai mage ko kare a gidan?"

Da ya ji ina da maguna biyu, ya hana ni shukar kariya da na nuna, mai gindi kamar tulu da jajayen furanni. Ya karya ɗan reshe, ruwa mai danƙo ya tsattsafo, ya ce wannan zuciya yake kamawa. Gaskiyarsa, da shi mafarauta ke haɗa dafin kibiya a wasu sassan Afirka. Ya kuma ja kunnena kan difenbakiya, mai faffaɗan ganye da ɗigo-ɗigon fari, wadda ake yawan ajiyewa a ofisoshi da otal. Dabba ta tauna, bakinta ya hau zafi ya kumbura, yawu ya yi ta zuba. Hatta alobera da moda, da muke wa kallon magani, suna sa su amai da zawo.

Inda ya gaza ya dame ni ƙwarai. Babu suna a jikin ko tukunya ɗaya, kuma yaronsa ba ya tambayar kowa komai, kuɗi kawai yake karɓa. Shi kansa Baba bai san haɗarin furen lili na ainihi ba, irin wanda ake sawa a kwalliyar biki, alhali shi ne mafi muni ga mage. Ko garin furen ta lasa a gashinta, ko ta sha ruwan gilashin da aka tsoma shi, ƙodarta na iya tsayawa cikin kwana 3. In aka wuce awa 18 ba a kai ta wajen likitan dabbobi ba, sau da yawa ƙodar ba ta dawowa. Na faɗa masa, ya saurara sosai, ya ce in kawo masa hoton.

Na taho da ɗan dabinon areka, bayan na duba jerin shukoki na ASPCA, ƙungiyar kare dabbobi ta Amurka, na ga ba ya cutar da mage ko kare. Mai zuwa ya je da safe, lokacin Baba yana rumfar da kansa.