Bitar kwana biyar kan dokokin sola da muhalli, ga yadda na same ta

Jama'a tunda na dawo daga Abuja mutum uku ne suka tare ni da tambaya ko bitar nan da aka tura mu ta kai a bar ofis har kwana biyar saboda ita, to bari kawai in rubuta sau ɗaya kowa ya gani. Bita ce ta ma'aikatan da ke sa ido kan harkar wutar lantarki, yawancinmu daga jihohi, kan makamashin da ba ya ƙarewa wato rana da iska da ruwa, sai kuma dokokin muhalli. Ni a ma'aikatar makamashi ta jiharmu nake aiki, ofis ne ya biya kuɗin.

Wanda bai san dalilin da ya sa irin wannan bita ta yi yawa yanzu ba, ai tun watan Maris na 2023 da Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki, sannan a watan Yuni Tinubu ya sa hannu kan Dokar Lantarki ta 2023 wadda ta maye gurbin ta 2005, jihohi suka samu ikon kafa hukumarsu su riƙa ba da lasisi da yanke farashin wuta a cikin iyakarsu. A 2024 NERC, hukumar tarayya mai sa ido kan harkar lantarki, ta fara miƙa ragama ga Enugu da Ekiti da Ondo, wasu suka biyo baya. Aikin da NERC ta kusa shekara ashirin tana koyo shi ne yanzu zai faɗo kan mutane irinmu da mafi yawanmu ba mu taɓa lissafin farashin yunit ɗaya ba, kuma duk wanda ya sha duhun da aka yi a Arewa a watan Oktoba na 2024 lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace ya san ba maganar wasa ba ce.

Ranar farko gaskiya ba ta burge ni ba. Tarihi ne da jawabai, sai wani malami daga Turai da ya yi mana darasi ta Zoom kan yadda Jamus ta yi dokarta ta 2000 da ta ba masu sola tabbacin za a sayi wutarsu a tsayayyen farashi na shekara ashirin. Ilimi ne ba shakka, amma netwok na ta yankewa, kuma wani dattijo injiniya a cikinmu ya miƙe cikin ladabi ya tambaye shi yaya wannan zai yi aiki a inda layin da za ka zuba wutar a ciki shi kansa ba ya tsayawa, kuma mai saye bai cika biya kan lokaci ba. Malamin ya amsa iya saninsa amma kowa ya ga ba ƙasarmu ya sani ba.

Rana ta biyu da ta uku su ne bitar a wajena. Wata Hajiya ce ta ɗauke mu, ta daɗe a harkar, ba ta tsaya dogon turanci ba ta ce kowa ya buɗe kwamfutarsa. Ta fara da dokar mini-girid, wato ƙananan tashoshin da ke ba ƙauye ko kasuwa wuta, wadda NERC ta fitar a 2016 ta sabunta a 2023: wanda bai wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe shi, daga nan zuwa megawat 1 sai da izini. Sannan ta raba mu rukuni-rukuni ta ba mu wani ƙauye na misali a Excel, ga gidaje ga injin niƙa ga masu cajin waya da masu sayar da ruwan sanyi, ta ce mu fitar da farashin da mai zuba jari ba zai karye ba kuma talaka zai iya biya. Wallahi nan na gane abin da ake nufi da sa ido. Kuɗin fanel da inbata da batir da turaku da waya, a raba su kan shekarun da za su yi, a ɗora albashin ma'aikata da gyara da ribar da ta dace, a raba kan yunit ɗin da za a sayar. Muna gamawa muna jin daɗi sai ta ce to ku canza farashin dala daga 460 zuwa 1,500 kamar yadda ya faru tsakanin 2023 da 2024, kawai sai lissafin kowa ya watse, tunda kayan duk da dala ake shigo da su amma mutanen ƙauye da naira suke biya.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da ta nuna mana injin niƙa ɗaya da ke aiki da rana tsaka ya fi gidaje da yawa amfani wajen sauko da farashi, domin yana shan wutar kai tsaye lokacin da rana ke dukan fanel ba sai an tara a batir ba. Ni da can ɗauka nake yawan gidaje shi ne komai.

Ta kuma kawo labarin kamfanoni 14 da suka sa hannu a 2016 da NBET, kamfanin gwamnatin tarayya mai sayen wuta a sari, za su gina manyan tashoshin sola, sama da megawat 1,000 a haɗe, yawancinsu a Arewa, a kan senti 11.5 na dalar Amurka kowane yunit, aka yi ta ja-in-ja kan farashi da garantin gwamnati har maganar ta bi ruwa. Rana ba ta ragu ba, fili na nan, takarda ce ta kashe aikin. Idan ka kwatanta da tashar sola mai megawat 7.1 ta Jami'ar Bayero da aka buɗe a 2019 ko mai megawat 10 ta Challawa a Kumbotso sai ka ga girman abin da muka rasa.

Toh yanzu inda nake da ƙorafi, kuma shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. Sunan bitar ya haɗa da muhalli, amma muhallin rabin yini kacal aka ba shi ranar Alhamis bayan cin abinci, mutane sun gaji, wasu sun fita amsa waya. Mai darasin ya yi ƙoƙari, ya bi ta kan dokar tantance illar aiki ga muhalli ta 1992, da kafa NESREA, hukumar tarayya mai tilasta bin dokokin muhalli, a 2007, da Dokar Sauyin Yanayi ta 2021, da alƙawarin da Najeriya ta ɗauka a taron sauyin yanayi na Glasgow na daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake kawarwa nan da 2060, amma a guje, shafi na bin shafi a furojekta. Maganar batir minti kaɗan ta samu, alhali ni a ganina ita ce babbar matsalar da ke jiranmu. Fanel kan yi shekara 25, amma batir mai dalma a zafin garuruwanmu 'yan shekaru ne ya mutu, zafi na cin ransa, to ina yake zuwa? Kowa ya sani, 'yan gwangwan ne ke saye, a fasa shi da guduma a bayan gari, a zubar da ruwan batir ɗin a ƙasa, a narka dalmar a fili yara na wasa a gefe. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, yara wajen 400 suka rasu, duk da can daga haƙar zinari ta fito, bai kamata a ce muna zaune ana rarraba dalma gida-gida da sunan wuta mai tsafta ba tare da mun tanadi inda za ta koma ba. Ina da 'ya'ya ƙanana, batir biyu ne a ɗakin inbata na gidana, abin ya taɓa ni sosai.

Na ɗaga hannu na tambaya, tunda NESREA ta fitar da ƙa'idojin kula da batir a 2024, me zai hana mu sa kuɗin kwashe mataccen batir a cikin lissafin farashi tun ranar farko, mu kuma sa shi sharaɗin lasisi cewa kamfani sai ya nuna takardar inda ya kai tsofaffin? Ya ce tambaya ce mai kyau amma lokaci ya ƙure. Washegari da safe na samu Hajiya na ce mata Hajiya don Allah a duba min wannan, ta zauna da ni muka ƙara layi ɗaya a Excel ɗin, sai ga shi abin da ya ƙaru kan yunit bai kai yadda nake tsoro ba. Kenan matsalar ita ce an raba darasin gida biyu, masu farashi daban masu muhalli daban, kamar yadda ofisoshinmu suke a rabe.

Haka maganar ƙura da hazo, ba wanda ya taɓo ta sai da wani ɗan uwa daga jihar da ke iyaka da Nijar ya tayar, cewa lokacin hunturu fanel na rufewa da ƙura wuta ta ragu, wankewa kuma ruwa take ci a garin da mata ke layi a rijiya. Da filin noma da ake karɓa a kafa fanel, wa ake biya diyya, mai gona ko mai gari? Duk ba a shiga ba.

Sauran abubuwa ba laifi. Masauki da abinci lafiya lau, an ba da lokacin sallah yadda ya kamata, an ba mu takardun duka a filashi, ziyarar da muka kai wata ƙaramar tasha a wajen gari ranar Juma'a ta yi amfani duk da gajeriya ce don a dawo kafin masallaci. An buɗe mana guruf a WhatsApp kuma har yau ana tambaya ana amsawa a ciki.

Wanda ofishinsa zai tura shi ya je, amma ya tafi da kwamfuta kuma ya ɗan taɓa Excel kafin ya tafi, in ba haka ba rana ta biyu za ta wuce shi. Masu shiryawa kuma na rubuta musu a fom ɗin ƙarshe su rage jawaban ranar farko su ba muhalli yini guda cur, su kai mutane wajen masu fasa batir su gani da idonsu. Ni dai na sa sharaɗin kwashe batir a daftarin da muke shiryawa na miƙa wa darakta ranar Litinin, ya ce zai duba mu zauna mako mai zuwa in sha Allah.