Hero 10 ce a hannuna: in ɗauki Hero 13 ko Osmo Action 5 Pro, ko in haƙura?

Ɗan'uwanmu ya ce kyamarar GoPro Hero 10 yake amfani da ita. Da rana yana ɗaura ta a babur, wani lokaci kuma yana ɗaukar taron biki da daddare. Abu biyu ke damunsa: kyamarar kan yi zafi ta mutu ana tsakiyar ɗauka, hoton dare kuma kan fito da tsaki-tsaki yana rawa. Tambayarsa ita ce ko ya sayar da ita ya cika kuɗi ya ɗauki Hero 13, ko ya koma DJI Osmo Action 5 Pro.

Malam, matsalolinka biyu ba uwarsu ɗaya ba. Ta zafi sau da yawa saiti ke maganinta, ba sai ka kashe ko kwabo ba. Ta dare kuwa daga sensa take, wato farantin da ke karɓar haske a bayan gilashin kyamara, kuma babu saitin da zai ƙara masa girma.

Mu fara da sensar, tunda a nan kuɗin yake. Hero 10, wadda ta fito a 2021, sensarta 1/2.3 ce (a wannan ma'auni, idan lambar ƙasa ta ragu, sensar ta fi girma). A 2022 GoPro ta sa wa Hero 11 sabuwa mai girman 1/1.9, kuma ita ce dai a cikin Hero 12 ta 2023 da Hero 13 ta 2024. Ƙarin da aka yi mata galibi a tsayi ne, shi ya sa hotonta ya kusa zama murabba'i, 8:7. Wannan yana da amfani sosai ga mai son ya yi ɗauka ɗaya ya yanko na tsaye don TikTok, ya yanko na kwance don YouTube. Amma idan ka mayar da ita 16:9, wato hoton kwance, ka shiga wurin da ƙwan fitila biyu ne kawai, bambancinta da Hero 10 bai taka kara ya karya ba. Ita kuwa Action 5 Pro sensarta 1/1.3 ce, girman filinta ya ninka na Hero 10 fiye da sau biyu. Haka ta DJI Action 4 da ta riga ta fitowa a 2023, haka ta Insta360 Ace Pro 2.

Ga dalilin rawar da kake gani da dare. Waɗannan kyamarori ba su da wani ƙarfe mai motsi da ke daidaita hoto. Yanko tsakiyar kowane firam suke yi, wato kowane hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo, su jera su don su zauna daidai. Idan haske ya yi ƙasa, kyamara kan bar shota, wato lokacin da sensa ke karɓar haske, a buɗe ya daɗe, sai kowane firam ya fito da ɗan jirwaye na motsin hannunka. Manhajar kyamarar za ta iya tsayar da firam ɗin, amma ba za ta iya goge jirwayen da ke cikinsa ba, shi ne kake ganin fitilu suna ɓari kamar ana girgiza su. Idan ka hana shota daɗewa, dole ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, ya hau, tsaki-tsaki ya cika hoton. Babbar sensa tana ba ka sarari tsakanin waɗannan biyun. Kafin ka sayi komai, gwada wannan a Hero 10: 4K a firam 25 cikin daƙiƙa, shota 1/50 idan a kan sanda take a tsaye, 1/100 idan kana tafiya da ita, ISO kada ya wuce 800 ko 1600, sannan ka rage kaifin hoto zuwa ƙasa. Ka kuma tabbatar saitin hana walƙiyar fitila yana kan 50Hz, domin wutar Najeriya da Nijar 50 ce. Da yawa kyamarorin da aka shigo da su daga Amurka kan zo a 60, sai ka ga layuka suna gudu a hoton ɗakin taro, mutum ya ɗauka kyamarar ce ta lalace.

Idan ka yi duk wannan hoton bai gamsar da kai ba, to Hero 13 ma ba za ta gamsar da kai ba. Action 5 Pro ce za ta nuna maka bambancin da ido ke gani. Sai dai kada a ruɗe ka: ko ita ba ta kai kyamarar ɗaukar biki ta gaske ba, kuma ƙaramar fitilar LED a saman sanda takan gyara fuskar amarya fiye da duk wani canjin kyamara.

Batun zafi. Hero 10 ta yi suna da wannan, musamman a 5.3K firam 60 ko 4K firam 120 idan tana ajiye wuri ɗaya babu iska. An ƙera ta ne da tunanin iska za ta riƙa bugun jikinta, shi ya sa a kan babur mai gudu takan jure, amma a ɗaura ta a sanda cikin rumfa a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Sauko da ita 4K firam 25 ko 30. Kashe GPS da Wi-Fi da umarnin murya, ka kashe allon gaba, na baya kuma ya riƙa mutuwa bayan minti ɗaya. Idan doguwar ɗauka ce a wuri ɗaya, zare batirin gaba ɗaya ka jona ta da fawa bank mai ba da aƙalla 5V 2A, domin batirin kansa yana cikin abin da ke dafa ta. Ka sani dai muddin murfin gefe yana buɗe don wayar fawa bank, ruwa da ƙurar hunturu suna da hanyar shiga. Sai katin memori: ya zama mai alamar V30, kuma na gaske. Katin jabu kan sa ɗauka ta tsaya ko fayil ya ƙi buɗuwa, mai ita ya ɗora laifin a kan zafi. Manhajar H2testw a kwamfuta za ta gaya maka ko 128GB ɗin da aka rubuta a jikinsa gaskiya ne.

Hero 13 ta fi Hero 10 jure zafi, batirinta 1900mAh ne maimakon 1720. Amma ga inda mutane ke yin asara ba su lissafa ba: batiran Hero 9 zuwa 12 duk iri ɗaya ne, na Hero 13 kuwa an canza shi. Batiranka na ajiya da cajarsu ba za su yi maka aiki ba, ko da ka tsaya a gidan GoPro. Action 5 Pro tana da 1950mAh, DJI ta ce yana iya kai awa 4, amma wannan a 1080p ne da allo a kashe. A 4K ka sa ran ƙasa da haka, ko da yake har yanzu tana gaban Hero 13 a wannan fanni. Tana kuma da ma'ajiya ta ciki kusan 47GB, wadda ke ceton mutum ranar da ya manta kati a gida.

To me Hero 13 ta fi? Da rana tsaka hotonta na 5.3K ya fi ba da damar yankewa da matsowa, ita Action 5 Pro iyakarta 4K. Tana da GPS a cikinta, wanda aka cire a Hero 12 aka dawo da shi, don haka za ka iya nuna gudun babur da taswirar hanya a kan bidiyo. A DJI sai ka sayi rimot mai GPS daban. Tana karɓar gilasan da ake sauyawa, na kusa-kusa da na faɗi da masu rage hasken rana, kuma da ka ɗaura ɗaya za ta gane shi ta daidaita saiti. Media Mod ɗinka, wato gidan kyamara na GoPro mai makirufo, in kana da shi, zai shiga. Launinta 10-bit ne kamar na DJI, Hero 10 kuwa 8-bit, abin da ke sa sararin samaniya ya fito hawa-hawa idan an matsa wa launi wajen gyara.

A ɓangaren sauti DJI ta sauƙaƙa: makirufon DJI Mic 2 har guda biyu kan haɗu da kyamarar kai tsaye ba tare da risiba ba. Ga mai hira da mutane a wurin taro, ko mai magana cikin hular kwano, wannan babban abu ne. Zurfin ruwan da suke jurewa kuwa, mita 10 ga GoPro, 20 ga DJI, bai shafi aikinka ba.

Maƙalai kada su ɗaure ka. Action 5 Pro tana zuwa da maƙalin maganaɗisu mai yatsu biyu irin na GoPro, don haka na ƙirji da na hula duk za su yi. Kuma in hoton babur yana lanƙwasa kamar ruwa, girgizar inji ce. Ɗauke kyamarar daga kan babur ka mayar da ita haɓar hular kwano ko ƙirji, kowace iri ce.

Ga hukuncinmu. Mai Hero 11 ko 12 ya riƙe kuɗinsa, sensa ɗaya ce da ta 13, sai in gilasan nan yake buƙata. Kai mai Hero 10, in da aikin rana kaɗai kake yi, da mun ce ka gyara saiti, ka sayi batirin GoPro na Enduro biyu da kati mai kyau, ka ci gaba da ita. Tunda dare na cikin aikinka, Action 5 Pro ce ta dace. Farashinta da ta fito dala 349 ne, na Hero 13 kusan 400. In kuɗin bai kai ba, Action 4 ta hannu za ta ba ka yawancin ribar daren a farashi mai sauƙi, batirinta kuma yana shiga Action 5 Pro in ka ƙara gaba daga baya.

In ta hannu za ka saya, kada ka biya sai ka bar ta tana ɗaukar 4K na minti 20 a gabanka, ka duba robar murfin batir ko ta tsage, ka haska gilashin da tocila don ganin ƙarzuwa ko raɓa a ciki. Sabuwar DJI kuma sai an kunna ta da manhajar Mimo, wadda masu Android ke saukewa daga shafin DJI, don haka ka yi wannan a gida inda akwai data, ba ranar biki ba.