Linux kusa da Windows, ko a share faifan gaba ɗaya?

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, hankalin wasu masu tsofaffin kwamfutoci ya koma kan Linux Mint, wani nau'in Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Mafarin ɗaya ne: sauke fayil ɗin ISO na Mint (fayil ɗin da ake girka ta da shi), ɗora shi a filashi da manhajar Rufus, kwashe hotuna da takardu zuwa wani faifan daban. Daga nan hanya ta rabu biyu.

Barin Windows a gefe ya fi cin rai. Za ka rage ɓangarensa ta Disk Management, manhajar Windows mai raba faifai, ka ware wa Mint aƙalla 20GB, ko da yake 100GB ya fi ba ta sakewa. Kashe Fast Startup (saitin Windows na saurin tashi) tukuna, domin ba ya rufe Windows gaba ɗaya, sai Linux ta ƙi rubutu a ɓangarensa. In akwai BitLocker, makullin da Windows ke kulle faifai da shi, adana mabuɗin ceto mai lamba 48, don canjin tsarin tashi kan sa ya nema. Agogo ma kan rikice, saboda Windows na bin lokacin gida, Linux kuwa UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya. Duk da haka, wanda abincinsa ya rataya ga Photoshop, manhajar gyaran hoto da ba ta aiki a Linux kai tsaye, wannan ce hanyarsa.

Sharewa gaba ɗaya zaɓi ɗaya ne za ka danna, kuma ita na fi ba mai ƙaramin faifai shawara. Sai dai abin da ya goge ba ya dawowa cikin sauƙi. Kafin ka danna, tashi kwamfutar daga filashin ka gwada Wi-Fi, sauti da firinta. Katin Wi-Fi na kamfanin Broadcom kan nemi direba ta musamman, wato manhajar da ke sa shi aiki, don haka tanadi wayar intanet a kusa.